CINIKIN BIRI A SAMA: INA TSORON ALLAH A KASUWAR MANYAN MOTOCI?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya yalwata wa bayinsa ƙofofin halal, ya kuma rufe musu ƙofar zamba da ha'inci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.), wanda ya yi fatauci tun kafin a aiko shi, mutanensa kuma suka shaide shi da amana, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa masu karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wani zaman sulhu da aka yi a gabana bayan sallar isha'i. Mutum biyu ne, kowannensu ɗan sahun farko, kowannensu ana ganinsa a wajen karatu. Ɗaya ya sayi mota ƙirar Lexus LX 570 a hannun ɗayan, a kan cewa 'yar shekarar 2020 ce, kusan sabuwa, ko ledar kujera ba a gama cirewa ba. Bayan 'yan makonni sai bakanike ya duba lambar shasi, ya ce masa: "Alhaji, wannan mota 'yar 2011 ce, fuska kawai aka sauya mata." Da aka tambayi mai sayarwa, bai musa ba. Cewa ya yi: "Ai ya gani da idonsa, ya zagaya ta, ya taya, na sallama. Haka kasuwa take."

To wannan kalma ta "haka kasuwa take" ita nake so mu tsaya a kanta, domin ta zama wata sabuwar shari'a da ake yanke hukunci da ita a kan dukiyar Musulmi, alhali kuwa ba Allah ne ya saukar da ita ba. Muna yaƙi da bidi'a a masallaci, muna tsananta wa wanda ya ƙara abin da babu shi a cikin salla, amma mun bar kasuwa ga al'ada, kamar dai Musulunci yakan tuɓe takalmi ne a ƙofar garejin motoci ya jira mu fito. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Ihya'us Sunna, ya keɓe wa ciniki babi guda kamar yadda ya keɓe wa tsarki da salla, ya kuma lissafa barin jahili yana saye da sayarwa ba tare da sanin hukunci ba a cikin abubuwan da ya yi inkari. Tun kafin shi, Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar (R.A.) ya hana wanda bai fahimci addini ba ya yi ciniki a kasuwar Musulmi.

MENE NE FARASHIN ADALCI?

Shari'a ba ta yanka wa ɗan kasuwa iyakar ribar da zai ci ba. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙayyade farashi, bai ƙayyade ba, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito daga Anas. Bukhari kuma ya kawo labarin Urwatul Bariƙi, wanda aka ba dinari guda ya sayo akuya, sai ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari, Manzon Allah kuma ya yi masa addu'ar albarka. Saboda haka kada wani ya ce muna hassadar masu sayar da motoci ne, ko muna so su yi aikin banza.

Farashin adalci shi ne kuɗin da mutum ya biya da yardarsa bayan ya san haƙiƙanin abin da yake saye. Sharaɗin halaccin cin dukiyar wani ta hanyar ciniki shi ne yarda, yarda kuwa ba ta tabbata a kan abin da aka ɓoye. Wanda ya yarda ya biya kuɗin motar 2020, bai yarda ya biya wannan kuɗi a kan motar 2011 ba, ko da ya ce "na saya" sau goma a gaban shaidu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda yaranmu ke karantawa a zaure, ya faɗi wannan ƙarara a babin ciniki: bayan ya haramta algus da yaudara da ɓoye aibi, ya haramta wa mai kaya ya yi shiru a kan duk abin da in ya faɗa mai saye zai ƙi kayan, ko kuwa zai rage musu kuɗi. Wannan ma'auni kaɗai ya isa a auna garejin da ke garin nan da shi.

NONON DA AKA ƊAURE, DA AGOGON DA AKA MAYAR BAYA

Larabawan jahiliyya sukan bar raƙuma ko akuya kwanaki ba a tatse ta ba, hantsarta ta cika, sai a kai ta kasuwa mai saye ya zaci sarkin nono ya samu. Manzon Allah (S.A.W.) ya hana wannan, ya ba mai saye zaɓi: ko ya riƙe, ko ya mayar tare da sa'i guda na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Ku dubi wannan hukunci da kyau. Mai sayen nan ya ga dabbar da idonsa, ya shafa ta, ya taya aka sallama masa, duk da haka Shari'a ta ba shi ikon warware cinikin, domin abin da idonsa ya gani shi ne aka shirya don a ruɗe shi. To ina hujjar "ai ya gani da idonsa"?

Dabbar zamaninmu ita ce mota, hanyoyin ɗaure mata hantsa kuwa sun fi na jahiliyya yawa. Na farko, sauya fuska. Toyota ta yi ta ƙera LX 570 tun daga 2008 har zuwa 2021, Land Cruiser mai lamba 200 kuma daga 2007 zuwa 2021, gangar jikin ba ta sauya sosai ba. Saboda haka sai a ɗauki tsohuwa a sauya mata fitilu da bamba da ƙafafu, a sake mata fenti, ta fito da kamannin ta bayan nan. Yin haka don mutum ya hau abinsa ba laifi ba ne. Sayar da ita da sunan shekarar da ba tata ba shi ne haramun.

Na biyu, mayar da agogon tafiya baya. A da sai an kwance allon gaban direba, yanzu kuwa da 'yar na'ura ake yi cikin mintoci, motar da ta ci mil 90,000 ta wayi gari tana nuna 20,000. Wani ma ba ya wahalar da kansa, sai ya karanta maka adadin mil da sunan kilomita, alhali mil guda ya haura kilomita ɗaya da rabi.

Na uku, motocin haɗari da na ambaliya. A Amurka idan kamfanin inshora ya ga gyaran mota ya kusa kai darajarta, yakan biya mai ita, ya sa wa takardarta alamar lalacewa, ya kai ta gwanjo irin na Copart da IAA. A can ba a ɓoye komai, hotunan motar a rugurguje suna nan a intanet tare da lambarta. Guguwar Harvey ta 2017 a Texas da ta Ian ta 2022 a Florida sun nutsar da dubban motoci, ciki har da na alfarma, da yawa kuma gwanjo suka nufa. Sayen irin waɗannan a gyara halal ne, sayar da su ma halal ne idan an bayyana. Amma a gyara a goge, a cusa tsumma a gurbin jakar iskar da ke kare direba ranar haɗari, a kashe fitilar gargaɗi, sa'an nan a ce "ba ta taɓa ko ƙwarzane ba", wannan ya wuce cin dukiya, ya kai ga wasa da rayukan mutane. Motar da ta kwana a ruwan gishiri kuwa, wayoyinta da ƙwaƙwalwarta a hankali suke ruɓewa, sai bayan watanni ciwon ya bayyana, lokacin da dila ya riga ya ce bai san zancen ba.

Na huɗu, motocin sata da na fasa-ƙwauri. Satar manyan motoci a Kanada ta yi ƙamari har gwamnatin ƙasar ta kira taron ƙasa a kanta a Ottawa cikin Fabrairun 2024, an kuma tabbatar da cewa da yawa ta jirgin ruwa ake fitar da su zuwa ƙasashen waje, har da Afirka ta Yamma. A cikin wannan shekarar hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka gano a Nijeriya. Kayan sata ba ya zama halal don ya ƙetare teku, ba ya kuma zama halal don mai shi ba Musulmi ba ne. Haka nan tun farkon 2017 da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, motoci nawa ne aka biyo da su ta daji daga Kwatano aka haɗa musu takardun kwastan na jabu? Ranar da aka tare mai saye a hanya aka ƙwace, wa zai biya shi?

DILLALI MAI CIN BAKI BIYU

Dillanci sana'a ce halattacciya. Bukhari ya ambata cewa Ibn Sirin da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifin ladan dillali ba, Ibn Abbas kuma ya halatta mai kaya ya ce wa mutum ya sayar a kan kaza, abin da ya ƙaru nasa ne. Wasu dillalan da suka ɗan yi karatu sukan kafa hujja da wannan. To amma a cikin maganar Ibn Abbas mai kaya ne ya sani, ya kuma yarda. Ina wannan ina dillalin da zai zo maka a matsayin ɗan'uwa mai taya ka nema, ya ce zai tsaya maka a yi maka ragi, alhali ya riga ya gaya wa mai mota ya ɗora masa miliyan biyar a sama? Ya karɓi la'ada a hannunka a kan ya kare ka, ya karɓi wata a hannun mai mota a kan ya kai ka. Wakili amintacce ne a Shari'a, duk ragin da ya samo na wanda ya wakilta shi ne, abin da ya ɓoye a aljihunsa kuwa ha'inci ne.

Sai kuma wasan da kowa ya sani. Kana cikin ciniki sai waya ta yi ƙara, a ce wani Alhaji ne daga Abuja ya taya da abin da ya fi naka, yana hanya. Ko kuwa wani ya shigo da babbar riga ya zagaya motar ya ƙara kuɗi, alhali yaron gidan ne. Wannan shi ne najashu, wanda Manzon Allah (S.A.W.) ya hana a hadisin Bukhari da Muslim, wato ƙara wa kaya kuɗi ba da nufin saye ba sai don a ingiza wani.

Mafi muni shi ne rantsuwa. "Wallahi ko uwar kuɗi ban mayar ba." "Na rantse da Allah jiya aka taya ta kaza na ce albarka." Ya kai ɗan'uwa dila, ba wanda ya tilasta maka faɗin yadda ka saya. Kana da ikon ka ce kuɗinta kaza, ka yi shiru. Amma da zarar ka ambaci uwar kuɗi don a gina ciniki a kanta, to ka shiga babin cinikin amana, wanda malamai ke kira murabaha, ƙarya a nan kuwa tana ba mai saye haƙƙi a kanka. Ka kuma tuna cewa cikin mutum uku da hadisi ya ce Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, ba zai dube su ba, akwai mai tallata hajarsa da rantsuwar ƙarya. Wal'iyazu billahi. Miliyan nawa ce za ta fanshi wannan?

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce dala. Gaskiya ne, kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 kuma ta haura 1,500, kuɗin fito ya bi ta. Ba mu hana kowa ya sayar da kayansa a farashin yau ba. Tambayarmu ita ce, don me dala ke hawa da mota cikin dare ɗaya, amma in ta sauko sai motar ta manta hanyar saukowa? Kuma wace dala ce ta mayar da agogo baya?

KAI MA MAI SAYE, BA KA KUƁUTA BA

Kada mai saye ya karanta wannan ya ɗauka shi kaɗai ake zalunta. Abin hawa mai kyau ni'ima ce, hadisi ma ya lissafa shi cikin abubuwan jin daɗin ɗan Adam a duniya. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: masu sauya fuskar mota ba su ƙirƙiro sana'ar don kansu ba, sun ga kasuwar masu son a ce sun hau ta bana ne. Mutumin da girman kai ya hana shi durƙusawa ya leƙa ƙarƙashin mota, yake jin kunyar a gan shi yana neman ragi, yake so a ji a gari cewa nan take ya biya, shi ne abincin mayaudara. Wani kuma bashi mai kuɗin ruwa zai ci don ya shiga sahun manya, alhali a layinsu akwai marayun da ba su karya ba. Dukiya amana ce, za a tambaye ka ta ina ka samo ta, a ina kuma ka kashe ta, wanda ya zubar da miliyoyi saboda ƙyuyar bincike shi ma yana da amsar da zai bayar.

A ɗaya gefen kuma akwai mai sayen da ke farautar masu matsuwa. Ya ji ɗan'uwansa na da mara lafiya a asibiti, ko magada suna neman raba gado ba su san darajar motar mahaifinsu ba, sai ya tura yaransa su yi ta kushe ta, ya saye ta rabin kuɗi yana cewa Allah ya ba shi sa'a. Malaman Malikiyya sun yi magana a kan wanda ya sallama wa abokin cinikinsa don bai san farashi ba, suka ce cutarsa haramun ce, wasunsu ma suka ba da ikon warware ciniki idan ragin ko ƙarin ya kai sulusi. Ku kwatanta wannan da Jarir ɗan Abdullahi (R.A.). Ɗabarani ya ruwaito cewa yaronsa ya yi masa cinikin doki a kan dirhami 300, da Jarir ya ga dokin sai ya ce wa mai shi ya fi haka, ya yi ta ƙara masa har ya kai 800. Da aka yi masa magana, ya ce ya yi wa Manzon Allah mubaya'a a kan yi wa kowane Musulmi nasiha. Adalcin farashi ke nan a wurin waɗanda muke da'awar bin tafarkinsu.

ABIN DA YA KAMATA KA YI

Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi. Idan ka ƙudura sayen irin wannan mota, to ka fara da lambar shasi, wadda ake kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, za ka same su a gindin gilashin gaba da jikin ƙofar direba da kuma takardu, dole kuma su zama iri ɗaya. A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, na goma shi ke nuna shekara: B ita ce 2011, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R kuwa 2024. Da wannan lamba za ka sayi rahoton tarihin motar a Carfax ko AutoCheck da kuɗin da bai kai na cika tankinta ba, ka ga haɗarin da aka rubuta mata da adadin tafiyarta na ƙarshe, sau da yawa ma ka ga hotunanta na wajen gwanjo. Motar da ta bar Amurka da mil 70,000 ba za ta iso Legas da 25,000 ba.

Sa'an nan ka zo da bakanikenka, wanda kai ka biya shi, ba wanda dila ya nuna maka ba. A sa mata na'ura, a ɗaga ta a duba ƙasa, a ɗaga shimfiɗar ƙafa a nemi tsatsa da laka da warin danshi, a auna kaurin fenti. Ko taya tana da shaida, domin lambobi huɗun ƙarshe na jikinta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Ka kai takardun fito ofishin kwastan a tabbatar da su kafin ka biya, musamman da yake tun 2022 hukumar ta fara ƙiyasta kuɗin fito da lambar shasi. Ka tambayi farashin irinta a wuri uku ko huɗu, ka tuna cewa babbar mota tana zubar da kaso mai yawa na darajarta a shekarunta na farko, saboda haka "kusan sabuwa" ba ta cancanci kuɗin sabuwa ba. Wadda kuma aka karya mata kuɗi fiye da hankali, ka tsaya ka tambayi dalili, araha ba ta ado.

Ka yanka wa dillali ladansa a fili tun farko, ka kuma nemi zama da mai motar ido da ido. Daga ƙarshe a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take. A rubuta shekarar motar da tafiyarta da cewa ba ta yi haɗari ko nutsewa ba, da sharaɗin mayarwa idan aka sami saɓanin haka. Manzon Allah (S.A.W.) ya koya wa wani sahabi da ake yawan cuta a ciniki ya riƙa gindaya sharaɗin babu yaudara. Dilan da ya ƙi sa hannu a kan abin da ya rantse a kansa da baki, ya riga ya ba ka amsa.

KIRA

Muna kira ga malamanmu da su fito da babin ciniki daga cikin littafi su kai shi kan mumbari, su kira abubuwan nan da sunayensu. Muna kira ga shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da motoci da su wajabta rubuta tarihin kowace mota a jikinta, su kori wanda aka kama da mayar da agogo. Muna kira ga 'yan'uwanmu da ke cikin wannan sana'a, waɗanda muka san akwai masu gaskiya a cikinsu, da su zama na farko wajen cewa: wannan ta yi haɗari an gyara, ga hotonta, ga kuɗinta. Za su rasa wasu masu saye a yau, amma hadisi ya yi wa masu ciniki biyu alkawarin albarka idan suka yi gaskiya suka bayyana, ya kuma yi gargaɗin shafe ta idan suka ɓoye suka yi ƙarya.

Shi kuwa ɗan'uwanmu na zaman sulhu, bayan an karanta masa hukunci ya yi shiru mai tsawo, daga baya ya karɓi motarsa ya mayar da kuɗi kashi biyu. Allah ya saka masa, ya karɓi tubarsa. Wanda duk ya san akwai irin wannan kuɗi a cikin dukiyarsa, to ya nemi mai shi tun ana biya da naira, kafin ranar da za a biya da lada.

Allah ya tsarkake mana abincinmu da abin hawanmu, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon bin ta.